Hannu Mai Nauyi, Allura Mai Laushi: Nazarin Gyaran Wani Garmaho Thorens TD 160

Garmahon da wannan bayani ya shafa ƙirar Thorens ne, samfurin TD 160, irin na farko da kamfanin ya fara fitarwa a 1972, yana ɗauke da hannunsa na asali, TP 16. A bakin hannun an ɗaura gidan allura na Shure, V15 Type III, wanda ya fito a 1973. Duk wanda ya san harkar faifai, in ya ji sunayen nan biyu, zai ɗauka magana ta ƙare: inji abin yabo, allura abar yabo, kuma 'yan zamani ɗaya. Mai shi ma haka ya ɗauka. Dattijo ne da ya tara faifai tun yana saurayi, ya daɗe ba shi da abin kunna su, sai ya sayi garmahon a hannun wani da ya ajiye shi shekara da shekaru ba a ko buɗe murfinsa ba.

Ƙorafinsa huɗu ne. Sauti ba ya fita sai an murɗe amfilifaya har ƙarshe, kuma ko ya fito ba shi da kauri. Mawaƙa suna jan murya, mace ta koma namiji. Akwai ƙugi a ƙarƙashin kiɗan. Sannan da zarar wani ya taka ƙasa da ƙarfi a ɗakin, sai allura ta yi tsalle. Ya riga ya yanke hukunci tun kafin a duba. "Malam, allurar ce ta mutu," in ji shi, "a samo mini sabuwa irinta, shi ke nan." Allurar ta cinye, wannan gaskiya ne, amma cikin ƙorafe-ƙorafen nan huɗu babu ko ɗaya da sabuwar allura za ta magance ita kaɗai.

Rashin ƙarfin sauti da ƙugi

Matsalar farko ba ta ma cikin garmahon. Amfilifayar dattijon ta zamani ce, ba ta da mashigar da ake rubuta wa Phono, shi kuwa ya soka wayoyin a ta Aux, inda ake sa na'urar CD. Wutar da wannan gidan allura ke fitarwa wajen milibolt 3.5 ce, alhali na'urar CD tana iya kaiwa bolt 2. Bayan haka, ba a yanka faifai da sauti yadda yake. A 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka daidaita a kan ƙa'idar RIAA, wadda daga baya ta game duniya: wajen yanka ana danne sauti mai kauri domin kada tsagin ya yi faɗi ya cinye wuri, ana kuma ɗaga siririn sauti domin ya rinjayi sheshshekar robar faifan. Wajen kunnawa sai a juya lissafin, a ɗaga na can ƙasa da kusan desibel 20, a sauke na can sama da kusan haka. Mashigar Aux ba ta ninka wutar yadda ake bukata, ba ta kuma juya lissafin. Aka samo ƙaramin akwatin fono na waje, irin na allura mai motsa maganaɗisu, wanda ke ninka wutar kusan sau 100, aka sa shi tsakani. Nan take ganga ta dawo da cikinta.

Sai dai ƙugin ma ya ƙaru, tunda akwatin duk abin da ya shigo masa yake ninkawa. Abin lura shi ne ƙugin ba ya zama a mataki ɗaya. In aka kai hannun wajen tsakiyar faranti sai ya hau, in aka mayar da shi mazauninsa sai ya sauka. Ƙugin da ke bin motsin hannu, akwai wani abu a kusa da ke hura shi. A gefen hagu na garmahon, manne da katakonsa, an ajiye taransifoma mai sauke wuta daga bolt 230 zuwa 120. Koyil ɗin da ke cikin gidan allura aikinsa ke nan ya ji motsin maganaɗisu, ga kuma taransifoma tana watsa nata a kunnensa. Da aka sauke ta ƙasa, nesa da teburin, mafi yawan ƙugin ya tafi. Ragowarsa ya bi bayan an goge tsatsar ƙananan maƙalai huɗu da ke bayan gidan allurar, fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama, aka kuma tabbatar ƙarfen garmahon yana haɗe da at ɗin akwatin fono, wato maɗaurin wayar ƙasa.

Gudun faranti

Taransifomar nan ita ta ba da bakin zaren matsala ta gaba. Me garmaho zai yi da wutar bolt 120 in ba don kasuwar Amurka aka ƙera shi ba? Wutar Amurka kuwa tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai da mafi yawan sauran duniya sau 50. Injin TD 160 irin wanda ke bin kaɗawar wuta ne sau da ƙafa: a kan 60 yana juyi 450 a minti, a kan 50 yana juyi 375. Taransifoma tana canza ƙarfin wuta, amma ba ta taɓa yawan kaɗawarta. Saboda haka Thorens ya yi fuli (ɗan gargaren da ke kan sandar inji, mai jan bel) iri biyu, na ƙasashen 60 ya fi siranta, na ƙasashen 50 ya fi kauri, domin faranti ya kammala da juyi 33⅓ ko ina yake.

Gwajin bai bukaci wata na'ura ba. A manna ɗan tef a gefen faranti, a riƙe agogo: a minti uku cif faranti mai lafiya zai zagaya sau 100. Wannan ya tsaya a 83, daidai da abin da lissafi ya ce, wato juyi 27.8 a minti. Ɓarin faifan da ya kamata ya ƙare a minti 20 yana ɗaukar 24. Sautin da mawaƙa ke daidaita kayansu da shi, mai kaɗawa 440, ya sauko 367. Babu allurar da za ta gyara wannan, ko da zinariya aka yi ta.

Hanya biyu ce: ko a canza fuli zuwa na 50, ko a sayi akwatin lantarki da ke samar wa injin wuta mai kaɗawa 60. Na biyun yana da amfanin da ba a raina ba, domin yana raba gudun faranti da tangal-tangal ɗin wutar gari. An zaɓi na farkon saboda ya fi sauƙi kuma bai ƙara wani akwati a kan teburi ba. Bel ɗin ma an canza shi. Tsohon ya miƙe, ya yi santsi, yana zamewa. A nan ina ba da shawarar a nemi bel mai ainihin awon Thorens, domin kaurinsa yana shiga lissafin gudu, kuma wanda ya cika matsewa yana jan faranti zuwa wajen inji ya lalata aikin sifirin ɗin da za mu zo kansu. Kafin a sa sabon, an goge fulin da gefen ƙaramin farantin ciki da auduga da ɗan sifirit.

Mai da sifirin

Farantin TD 160 biyu ne, ƙarami a ciki wanda bel ke ja, babba mai nauyi a zaune a kansa. Sandar ƙaramin tana shiga wani rami mai santsi, kuma man da ke ciki ya daskare ya zama danƙo. An kwashe shi, aka ɗiga sabon mai marar kauri, aka bar sandar ta nitse da kanta a hankali ba tare da an danna ta ba. In an cire bel aka wulwula faranti da hannu, ya kamata ya daɗe yana juyi shiru. Wannan ya yi. Sa'a ce, domin ramin da ya cinye shi ne ciwon da kan sa a haƙura da tsohon garmaho.

Sifirin su ne ruhin wannan ƙira. Faranti da hannu suna zaune a kan wani ƙarfe guda na ciki, shi kuma yana lilo a kan sifirin uku, yayin da inji ke ɗaure a jikin akwatin waje. Bel kaɗai ya haɗa su. Manufar ita ce girgizar inji da ta ɗaki su mutu a hanya kafin su kai ga allura. Edgar Villchur ne ya shahara da dabarar a garmahon AR na 1961 a Amurka, Thorens ya ɗauke ta a TD 150 na 1965, ya ci gaba da ita a TD 160.

Da aka buɗe ƙasan akwatin (bayan an zare filogi, domin akwai wayoyin wuta a fili a ciki), sai aka tarar soson da ke cikin sifirin ya rududduge, ƙarfen ciki ya karkata gefe ɗaya, wayar hannu kuma ta ɗame tana riƙe shi. Daidaita wannan shi ya fi cin lokaci a duk aikin. Kowane sifirin yana da noti a ƙasa mai ɗaga shi ko sauke shi, ana kuma juya shi a mazauninsa don ƙarfen ya zauna a tsakiya, amma taɓa ɗaya yana ɓata sauran biyun. Dole a yi shi faranti yana kai, da shimfiɗarsa, da faifai. Alamar an dace ita ce a danna faranti da yatsa a saki: ya yi lilo sama da ƙasa sak, ba karkarwa gefe, ba ƙarar gogayya, ya lafa da kansa. Masu gaggawa kan ɗaure notin tamau don lilon ya daina, sai su mayar da TD 160 garmahon da ba shi da wata kariya.

Tsallen allura

Bayan duk wannan, gudu ya daidaita, ƙugi ya tafi, amma allura ba ta daina tsalle ba. A nan ne aka yi jayayya da mai shi.

Shi dai ya riga ya gwada maganin da kowa ke gwadawa: ya manna tsabar kuɗi a kan bakin hannun don ya ƙara danni. V15 Type III an yi shi ne ya taka faifai da nauyin giram 0.75 zuwa 1.25. Da aka duba da gilashin ƙara girma, ɗan tsinken da ke ɗauke da daimon (ƙwayar lu'ulu'un da ke shiga tsagi) ya durƙushe har cikin gidan yana neman shafar faifai, daimon ɗin kuma ya yi fuska biyu masu sheƙi a gefe, alamar ya cinye. Wannan allura ta gama aiki, kuma duk faifan da aka ci gaba da sa mata aski take masa.

Tambayar ita ce me za a sa a madadinta. Shure ya daina ƙera gidajen allura a 2018. Ainihin allurar wannan samfuri, VN35E, sai dai tsohon ajiya, kuma robar da ke riƙe tsinken tana tsufa ko ba a taɓa buɗe kwalin ba. Kamfanin JICO na Japan yana yin masu maye gurbinta, wasunsu ma masu kyau ƙwarai. Da allura ce kaɗai matsalar, da nan za a tsaya.

Amma akwai lissafin da bai kamata a tsallake ba. Tsinken allura yana zaune a kan roba, wato shi ma sifirin ne, hannu kuma nauyi ne a kansa. Duk nauyin da ke kan sifirin yana da saurin lilon da ya fi so. In lilon ya yi sama da yawa, sai ya shiga cikin kiɗa ya kumbura sauti mai kauri. In ya yi ƙasa da yawa, sai ya faɗa inda lanƙwasar faifai da takun ƙafa suke. Inda ake so ya zauna shi ne tsakanin kaɗawa 8 zuwa 12 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke ji, sama da abin da daɓe ke yi. Ana ƙiyasta shi haka: a haɗa nauyin aikin hannu (wato nauyinsa kamar yadda allura ke jin sa) da na gidan allura da na sukurori, a ninka da lambar laushin allurar, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimlar, sannan a raba 159 da ita.

Nauyin aikin TP 16 na farko giram 16.5 ne. Gidan Shure giram 6, sukurori kusan 1, jimla 23.5. V15 Type III yana cikin allurai masu laushi sosai. Ko da 25 aka ɗauka a matsayin laushinsa, lissafin yana sauka wajen 6.6. Kamar a lafta wa mota mai laushin sifirin kaya ne: ba ta karye ba, amma kowane ɗan tudu sai ta yi ta rausaya bayan an wuce shi. Ga shi kuma farantin kansa yana lilo a ƙasa kaɗan da wannan lamba, daɓen ɗakin na katako ne, faifan dattijon da yawa sun ɗan lanƙwashe. Taku ɗaya sai ya tayar da lilon faranti, na faranti ya tayar da na hannu, allura ta bar tsagi. Tsabar kuɗin da ya manna ƙara wa hannun nauyi ta yi, ta sake tura lambar ƙasa. Ido ma yana ganin abin: in aka cire rigar sifika, za a ga babbar takardarta tana shiga tana fita da ƙarfi a inda babu wani sauti da ake ji, amfilifaya tana ƙona ƙarfinta a banza.

Ba laifin Thorens ba ne, ba kuma na Shure ba. A shekarun 1970 kasuwa ta karkata ga allurai masu laushi da ƙaramin danni, hannuwa suka biyo baya suna rage ƙiba. Shi ya sa aka fi ganin V15 a kan siririn hannun SME 3009. Thorens da kansa ya sa wa TD 160 na biyu hannu mai nauyin aiki giram 7.5, ƙasa da rabin na farko. Shure kuma, a V15 Type IV na 1978, ya ƙara ɗan burushi a gaban gidan wanda ke kwantar da wannan lilo. Kamfanonin biyu sun san da matsalar, kowa ya tunkare ta daga ɓangarensa.

Dattijon bai gamsu da wuri ba. "Malam, ai na san mutane da wannan haɗin, kuma ba sa kuka." Na ce masa, "Gaskiya ne, Baba, akwai su. Amma a tambaye su a kan me garmahon yake zaune." Lissafin nan ƙiyasi ne, ba hukuncin alƙali ba. A kan daɓen siminti, da faifai miƙaƙƙu, 6.6 tana iya wucewa shekaru ba a ji komai ba. A ɗakinsa ne ba ta wuce ba.

An auna zaɓi uku. Canza hannu zuwa marar nauyi zai bar shi da Shure ɗinsa, amma aiki ne babba, sai an sake allon da hannun ke zama an kuma sake daidaita sifirin daga farko. Kunna matatar da ke yanke sautin can ƙasa za ta hutar da sifika, amma ba za ta hana allura tsalle ba, domin tsallen a kan faifai yake faruwa. Na uku shi ne a bar hannun yadda yake a nemo masa allurar da ta fi tauri. Shi aka ɗauka, aka haɗa da kafa kanta a jikin bango don garmahon ya rabu da daɓen gaba ɗaya. An sa Audio-Technica AT-VM95E, mai nauyin giram 6.1, wanda ke taka faifai da giram 2. Wajen karanta takardarsa akwai tarko: kamfanonin Japan kan auna laushi a kaɗawa 100, ba a 10 ba inda lissafin ke bukata, don haka lambar 7 da suka rubuta sai an ninka ta kusan sau biyu. In aka ɗauki 13, lilon yana zama wajen 9.

Ɗaurawa

Na'urar da ke yanka faifai tana tafiya a miƙe daga gefe zuwa tsakiya, hannun garmaho kuwa baka yake zanawa. Saboda haka allura ba za ta fuskanci tsagi sak ba sai a wuri biyu kawai, sauran wuraren duk da ɗan karkata. Wani masani mai suna Löfgren ya yi lissafin a 1938, wani kuma mai suna Baerwald ya sake fitar da shi a 1941, kuma takardar saiti da aka fi amfani da ita tana sa wuraren biyu a milimita 66 da 120.9 daga tsakiyar faifai. Ana sassauta sukurori, a matsa gidan gaba ko baya, a ɗan karkata shi, har ya dace da layukan takardar a duka wuraren. Tsinken ake kallo, ba jikin gidan ba, domin tsinken ne ke cikin tsagi. Wanda ya yi sakaci a nan zai ji sakamakon a waƙar ƙarshe ta kowane ɓari. A gefen faifai tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 51 a daƙiƙa, kusa da tsakiya ya sauko wajen 21, wato sauti iri ɗaya an cusa shi a ƙasa da rabin wuri, kuma ƙaramar karkata tana fitowa fili.

Tsayin hannu an daidaita shi da 'yan siraran fallayen da ake sawa tsakanin gidan allura da bakin hannu, har sandar ta kwanta daidai da faifai. Sai danni. Ana matsa dunƙulen ƙarfen baya har hannun ya tsaya a iska bai hau bai sauka ba, sannan a murɗa lambar danni. A TP 16 sifirin ne ke ba da dannin, kuma sifirin da ya haura shekara 50 ba a yarda da lambarsa sai an gwada. Ƙaramin sikelin allura, a ajiye daidai tsayin faifai, shi ne mai gaskiya. An tsaya a giram 2 cif. Mutane da yawa suna rage danni don tausayin faifai, kuma ina ganin wannan ya fi ƙara dannin ɓarna: allurar da ba ta zauna da kyau ba tana karo da bangon tsagi tana farfasa shi.

Juyin faifai yana jan hannu zuwa tsakiya, ya danna allura a bangon ciki, na sautin hagu, ya sassauta ta daga na waje, na sautin dama. TP 16 yana rama wannan da maganaɗisu, ba zare ba nauyi. An sa shi daidai da danni, aka saurari wurare masu ƙarfi: in sifikar dama ce ke fara tsagewa, a ƙara, in ta hagu ce, a rage. Abu na ƙarshe shi ne wata doguwar wayar ƙari da ke tsakanin garmaho da akwatin fono. Shure yana son fikofarad (awon cajin da waya ke riƙewa, wanda ke ƙaruwa da tsawonta) 400 zuwa 500, don haka doguwar waya ba ta dame shi ba. Audio-Technica 100 zuwa 200 yake so, in ya wuce haka sai sautin sama ya yi tsini. An cire wayar, aka matso da akwatin.

Abin da aka ji

An fara gwaji da faifan fiyano, domin dogon sautinsa ba ya ɓoye rawar gudu. Ya tsaya cak. Aka sa wanda ya fi kowane lanƙwasa, hannun ya bi shi sama da ƙasa bai saki tsagi ba, takardar sifika kuma ta natsu. Aka yi ta kai da kawo a ɗakin, ba tsalle.

Ƙarar tas-tas da ta rage yawancinta datti ne. An wanke faifan da tataccen ruwa da ɗan sifirit kaɗan, aka shanya su a tsaye, aka canza musu rigunan ciki. Cikin tarin akwai tsofaffin faifai masu juyi 78, waɗannan an ware su: sifirit yana narkar da su, tsaginsu ya fi faɗi sai da allura mai kauri, kuma TD 160 ba ya ma yin wannan gudu, 33⅓ da 45 kaɗai gare shi. Allura kuwa da ɗan burushi ake share ta, daga baya zuwa gaba, yadda faifai ke wuce ta.

Akwai abin da saiti bai gyara ba. Wasu faifan da tsohuwar allura ta riga ta aske, harafin "s" a bakin mawaƙi yana fita da tsaki a waƙar ƙarshe, kuma haka zai zauna. Ɗaya kuma ramin tsakiyarsa bai zauna daidai ba tun daga masana'anta, hannu yana kaɗawa hagu da dama, sauti yana hawa da sauka a duk zagaye, wato kowane daƙiƙa 1.8.

Dattijon ya ce yanzu yakan zauna ya ji ɓari guda daga farko har ƙarshe, abin da ya daina yi tun da kiɗa ya koma cikin waya, kuma tashin da ake yi bayan minti 20 a juya faifai bai dame shi ba. Amma ya ce muryar sabon gidan ta fi ta Shure bushewa, kamar yadda yake tuna ta a da. Ban musa masa ba. V15 Type III mai lafiyayyar allura a kan siririn hannu ya fi AT-VM95E taushi da iya bin wurare masu wuya, kuma babu lissafin da zai canza wannan. An cire masa mataccen tsinken, an ajiye gidan a kwali, ko wata rana zai yanke shawarar canza hannu.

Kafin nan akwai mataki mafi kusa. Duk alluran jerin VM95 suna shiga gida ɗaya, don haka zai iya zare koriyar allurar da ke kai, samfurin E, ya sa ja, samfurin ML, ba tare da ya kwance sukuru ko ɗaya ba. Bakinta ya fi siranta, tana bin tsagin kusa da tsakiya da kyau, wani lokaci ma tana taɓa ɓangaren bangon da tsohuwar allura ba ta cinye ba. Kamfanin yana ƙiyasta wa koriyar awa 300 na aiki, jar kuma awa 1,000. An shawarce shi ya riƙa rubuta yawan ɓarin da ya kunna, ɓari uku awa guda, ya sake gwada danni da sikeli duk bayan 'yan watanni, ya kuma duba lilon faranti duk lokacin da aka ɗaga garmahon daga kantarsa.